Nafarko: tambayoyin da na gaji da amsawa

Duk yammar da na zauna fada, kafin shayin farko ya tafasa sai wani yaro ya jefo mini tambaya kan Mahamane Ousmane, tsohon shugaban Nijar. Kullum tambayoyin iri ɗaya ne. Ga amsoshin nan a rubuce, mai buƙata ya karanta, a bar ni in sha shayina.

Da gaske ɗan Damagaram ne?

Eh. Nan Zinder aka haife shi, ranar 20 ga Janairun 1950.

Soja ne?

A'a. Ƙididdiga da tattalin arziki ya karanta. Haba yarana, wannan ma sai an tambaya?

Me ya sa ake ce masa Nafarko?

Shi ne shugaban Nijar na farko da ya hau ta zaɓen jam'iyyu da yawa. Ya kada Tandja Mamadou a zagaye na biyu cikin Maris 1993, aka rantsar da shi 16 ga Afrilu. A zagayen farko Tandja ne a gaba. Ƙawancen jam'iyyu na AFC, har da PNDS ta Mahamadou Issoufou, shi ya ɗora Ousmane, ɗan takarar jam'iyyar CDS-Rahama, bisa kujera.

To shi ne shugaban ƙasa, me ya hana shi korar firaminista Hama Amadou?

Nan ne gizo ke saƙa, ku saurara da kyau. Tsarin mulkin 1992 ya raba iko gida biyu: shugaba yana naɗa firaminista, amma majalisa na iya kayar da shi. Da Issoufou ya ajiye muƙamin firaminista a Satumban 1994, PNDS ta fice daga ƙawancen, rinjaye ya kuɓuce. Ousmane ya rusa majalisa, aka sake zaɓe a Janairun 1995, 'yan adawa suka cinye. Ya gwada naɗa Amadou Cissé, majalisa ta kayar da shi cikin 'yan kwanaki, dole ya karɓi Hama. Ko da ya samu hanyar sauke shi, majalisar nan dai ita za ta yanke hukunci kan wanda zai biyo baya, kuma doka ta hana a sake rusa ta sai an cika shekara.

Sai aka shiga zaman doya da manja. Shugaba ya riƙa ƙin zaman majalisar ministoci, firaminista ya riƙa sauya shugabannin kamfanonin gwamnati ba da yardarsa ba. Laifin wa? Mutanen garin nan za su ce Hama ya yi taurin kai, wasu su ce Nafarko ne ya ƙi haɗiye sakamakon zaɓe. A ganina kowa da rabonsa, kuma takardar tsarin mulkin kanta ba ta fayyace aikin kowa ba. Lokacin da shekarar ta kusa cika, ana jiran ya sake rusa majalisa, Kanar Ibrahim Baré Maïnassara ya kifar da su duka biyun ranar 27 ga Janairun 1996. Kada wani ya ce na wanke juyin mulki, ban wanke ba.

Shi ya karya darajar sefa?

Ku daina wannan zancen. A Dakar aka yanke cikin Janairun 1994, kuma ya shafi duk ƙasashen sefa. Faran ɗin Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100. Mun ji a jika a kasuwar Dole, amma ba mutum ɗaya ya yi ba.

Akwai abin da ya bari?

Hutun 24 ga Afrilu da kuke sha kowace shekara, daga ina kuka zata ya fito? Yarjejeniyar sulhu da 'yan tawayen Abzinawa ce ta 1995, a zamaninsa aka sa hannu.

Bayan juyin mulkin ya koma gida ke nan?

Ina! Ya shugabanci majalisar dokoki daga Disamban 1999 har Mayun 2009, da Tandja, shugaban ƙasa na lokacin, ya rusa ta kan rikicin tazarce, wanda Ousmane ya ƙi goyon baya. A 2006 kuma ya zama shugaban majalisar dokokin CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma. A Fabrairun 2021 ya kai zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa da Mohamed Bazoum a ƙarƙashin RDR-Tchanji, aka ba shi kashi 44 da ɗoriya, ya ce bai yarda da sakamakon ba. Wannan kam kuna nan aka yi, kada ku tambaye ni.