Me ke cinye tantanin batirin haidurojin?

Wane tantani ake nufi?

A cikin batirin haidurojin, irin wanda ke tafiyar da motar Toyota Mirai tun 2014, akwai siririn tantani na roba da ya raba haidurojin da iskar da muke shaƙa. Ƙwayar haidurojin na rabuwa gida biyu, furoton da ilektiron. Tantanin yana barin furoton su ratsa shi, yana tilasta wa ilektiron su zagaya ta waya su ba da lantarki, yana kuma hana iskokin biyu gauraya. Wanda ya fi shahara shi ne Nafion, da Walther Grot ya ƙirƙiro a kamfanin DuPont a ƙarshen shekarun 1960. Na motocin yau sai an jera 50 zuwa 100 kafin su kai kaurin milimita 1.

To, me ya hana a yi shi da kauri a huta?

Mai kauri yana rage ƙarfin wuta, don furoton na shan wahalar ratsa shi. Siriri ya fi ba da wuta, amma ya fi saurin hujewa.

Me ke cin sa?

Na farko sinadari ne. Komai kyawun tantani, ɗan haidurojin da oksijin sukan silale ta cikinsa, su haɗu a kan filatinam, ƙarfen da ke shafe a fuskar tantanin don raba ƙwayar haidurojin, su haifi haidurojin feroksaid, wannan da ake wanke ciwo da shi. Shi kaɗai ba ya ɓarna sosai. Amma da ya gamu da ɓurɓushin ƙarfe, ko da ɗan kaɗan ne da ya zubo daga tsatsar wani sashe, sai ya farfashe ya zama ƙwayoyi masu tsananin ci, su dinga datse sarƙoƙin robar har tantanin ya sirance. Abin ya fi muni idan akwai zafi da bushewa, kuma batirin na kunne ba a jan wuta. Matsalar tsohuwa ce: tantanin da kamfanin General Electric ya sa a kumbon Gemini a 1965 bai jure irin wannan cin ba.

Na biyu gajiya ce. Tantanin sai da laima yake aiki. Ya sha ruwa ya kumbura, ya bushe ya tsuke, kamar ƙasar fadama da ke tsagewa da rani. Duk taka mota da sassautawa na sauya laimar, sau dubbai, har ya fara tsattsagewa.

A ganina, haɗuwar biyun ce babbar damuwa. Wurin da sinadari ya sirantar shi ne ke fara tsagewa. Tsaga ta ƙara buɗe wa haidurojin hanya, ya ƙone a wurin, zafin ya faɗaɗa hujin. Kuma da yake ɗaruruwan tantani ne a jere, lalacewar ɗaya na iya tsayar da duka.

Yaya ake gane ya fara lalacewa?

Ana auna fuloraid, sinadarin da ke zubowa daga robar tantanin idan tana cinyewa, a ruwan da batirin ke fitarwa, da yawan haidurojin da ke yoyo zuwa ɗaya gefen.

Akwai magani?

Akwai, sai dai bai kammala ba. Kamfanin Gore na saka wa tantaninsa ragar roba ta ciki don rage kumburi, shi ne ma ke cikin Mirai. Ana kuma zuba ɗan sinadarin siriyam da ke kashe ƙwayoyin nan kafin su yi ɓarna. Illarsa, yana bin ruwa ya ƙaura daga inda ake bukatarsa, in an cika shi kuma ya rage wuta.

Awa nawa ake so ya yi?

Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta sa burin awa 8,000 ga ƙananan motoci, awa 30,000 ga manyan motocin dakon kaya. Na biyun ne gwaji na gaskiya, domin tirela na wuni tana aiki da zafi, kuma a dakon kaya ne haidurojin ke da hujjar gogayya da batirin caji.