Begen tashin matattu a wurin Kiristocin Sakkwato

Begen tashin matattu shi ne imanin Kirista cewa Yesu Almasihu, wanda aka gicciye a Urushalima zamanin gwamna Bilatus, ya tashi a rana ta uku, kuma masu bi za su tashi kamar yadda ya tashi. Duk sauran koyarwar ikilisiya a kan wannan ta jingina. Manzo Bulus, a sura 15 ta wasiƙarsa ta fari zuwa ga Korintiyawa, ya ce in Almasihu bai tashi ba, bangaskiyarsu banza ce, ya kuma ambaci mutum fiye da 500 da suka gan shi da rai.

Kalmar "bege" kanta abin lura ce. A bakin Bahaushe tana nufin shauƙin wanda ake ƙauna, amma Kirista sun ɗora mata ma'anar sa zuciya ga abin da suke da tabbacin zuwansa. Shi ya sa a gidan makoki za ka ji ana cewa mamaci "ya yi barci cikin Ubangiji", ana hawaye, zumuntar mata na rera waƙa. Ba a hana kuka ba, abin da Bulus ya hana shi ne baƙin ciki irin na marar bege. Ya kwatanta gawa da ƙwayar hatsi da ake binnewa kafin ta tsiro, misalin da ba sai an yi wa manomin gero bayaninsa ba.

Musulmi, waɗanda su ne mafi rinjaye a birnin Shehu, su ma sun yi imani da tashin ƙiyama. Inda aka rabu shi ne gicciye: Suratun Nisa'i, aya ta 157, ta ce ba a kashe Annabi Isa ba, ba a kuma gicciye shi ba.

Bikin wannan bege shi ne Ista. Tun bayan taron shugabannin ikilisiya da aka yi a birnin Nikiya a shekarar 325 ake yinsa ranar Lahadi, kuma a lissafin ikilisiyoyin Yamma yana faɗawa tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu. A Sakkwato ƙuryar bazara ke nan, zafi na haura digiri 40, don haka azumin kwana 40 da Katolika da Angilika ke yi kafin bikin ba ƙaramin aiki ba ne. Daren Asabar na jajibirin bikin, Katolika na hura sabuwar wuta a ƙofar coci, a kunna babban kyandir, a shiga da shi cikin duhu, sai "Halleluya", kalmar yabon Allah da aka ajiye tun Larabar Toka, ranar fara azumin, ta dawo da ƙarfinta. Juma'ar da ke kafin bikin da Litinin da ke bayansa ranakun hutu ne a duk Najeriya.

Dayosis ɗin Katolika na Sakkwato, wato yankin coci-coci da bishop ɗaya ke kula da shi, ya kafu a 1964, kuma Bishop Matthew Hassan Kukah ke jagorantarsa tun 2011. Ba a kan takarda kawai wannan ikilisiya ta san zancen mutuwa ba. A Janairun 2020 'yan bindiga suka sace Michael Nnadi, ɗan shekara 18 daga wannan dayosis, a makarantar horar da limaman coci ta Good Shepherd da ke Kaduna, suka kashe shi. A harabar makarantar aka binne shi cikin Fabrairu, Bishop Kukah ne ya yi wa'azin jana'izar.