Bushewar ido a tsakanin matasa masu yawan kallon waya

Bushewar ido larura ce da ke faruwa idan hawayen da ke lulluɓe da ƙwayar ido suka yi ƙaranci, ko kuma suka riƙa bushewa da wuri. A da an fi saninta da manya masu shekaru, amma tun da wayar hannu ta zama abokiyar hirar matasa dare da rana, likitocin ido suna ƙara ganinta a jikin yara da samari da 'yan mata.

Tushen matsalar yana ga ƙifta ido. Mutum yakan ƙifta ido kusan sau 15 zuwa 20 a minti ɗaya, kuma kowace ƙiftawa tana shimfiɗa sabon hawaye a kan ido, tare da matso maiƙo daga wasu ƙananan jakunkuna da ke bakin fatar ido, wanda shi ne ke hana ruwan bushewa. Idan matashi ya ƙura wa waya ido, ƙiftawar takan ragu da kusan rabi ko fiye, kuma da yawa daga cikin waɗanda yake yi ba sa rufe idon gaba ɗaya. Mutane sun fi ɗora laifin a kan shuɗin hasken waya, alhali rashin ƙiftawar ne babban dalili. Ƙarancin barci, iskar fanka ko na'urar sanyaya ɗaki, da maganin ƙurajen fuska na isotretinoin, duk suna ƙara tsananta lamarin.

Alamominta sun haɗa da raɗaɗi, jan ido, jin kamar yashi ya shiga ido, da gani dishi-dishi wanda ke washewa in an ƙifta. Wani lokaci ma idon yakan yi ta zubar da ruwa, domin bushewar kan tunzura shi ya kwararo hawaye marasa maiƙo waɗanda ba sa daɗewa.

Wani bincike da aka wallafa a 2016 kan yara 916 a Koriya ta Kudu ya nuna cewa alamomin sun ragu bayan an daina amfani da waya tsawon mako 4. Likitoci kan ba da shawarar a ɗauke ido daga waya kowane minti 20, a kalli wani abu mai nisan kusan mita 6 na tsawon daƙiƙa 20, a kuma riƙe wayar ƙasa da saitin ido. Idan alamomin suka ƙi tafiya, likita kan auna yawan hawayen, ya rubuta maganin ɗigawa mai jiƙa ido.