Ragamar ƙuru

Ragama ita ce igiya ko fatar da ake sa wa doki a ka don a ja shi ko a ɗaure shi a turke. Ta bambanta da linzami, domin ba ta da ƙarfe a baki. Daga nan ne Hausa ta samo "riƙe ragamar mulki".

Ƙuru shi ne doki gajere. A ƙa'idar wasannin dawaki ta duniya, wanda bai wuce santimita 148 a kafaɗa ba ana lissafa shi cikin ƙananan dawaki. Sai dai tsayi ba ya nuna girman kan doki. Ƙuru kakkaura yakan zo da gajeriyar fuska, faffaɗan muƙamuƙi da kaurin maƙogwaro, shi ya sa ragamar ingarma take zubo masa har bakin hanci, ta ɗan doki kuma ta shaƙe shi. Kan dokin ake aunawa da zare kafin a tafi kasuwa.

Idan an sa ragamar kuwa, da yatsu ake auna zamanta. Ɓangaren da ya zagaye hanci ya zauna kamar yatsu 2 ƙasa da ƙashin kunci, yatsu 2 kuma su shiga tsakaninsa da fata. Nan ne aka fi kuskure, kuma abin tausayi ne: idan ya sauka ƙasa sai ya danne guringuntsin hanci, alhali doki ta hanci kaɗai yake numfashi. Idan ya hau sama ya goge ƙashi har ya yi miki. A maƙogwaro a bar wurin yatsu 3 zuwa 4, yadda zai sunkuya ya ci harawa ba takura, amma ba sakwa-sakwa ba, kada ya sa kofato ciki garin susa. Igiyar ƙeya ta kwanta bayan kunnuwa, a fitar da geza daga ƙarƙashinta.

Sakkwato gari ne na dukawa, don haka ya fi sauƙi a kai wa baduku awo ya ɗinka daidai kan dokin. Fata tana da wata fa'ida: idan doki ya maƙale ya fizga, takan tsinke ya tsira, ta nailan kuwa da wuya ta tsinke, saboda haka ba a sakin doki kiwo da ita. Iskar hunturu tana busar da fata, sai a riƙa shafa mata man kaɗanya. Igiyar rama kan ɗame idan ta jiƙe, a duba ta da damina.