Binciken Lafiyar Mota a Arewacin Kamaru

Binciken lafiyar mota gwaji ne da doka ta wajabta wa motocin da ke hawa hanya a Kamaru, ana maimaita shi lokaci zuwa lokaci domin a tabbatar cewa birki, sitiyari, tayoyi da fitilu suna aiki yadda ya kamata. Takardun gwamnati suna kiransa visite technique da Faransanci, direbobi kuwa sun gajarta shi, sai ka ji ana cewa "bizit ɗina ta ƙare". Ma'aikatar Sufuri ce ke da alhakin tsarin, amma cibiyoyi masu zaman kansu da ta ba izini su ke yin gwajin. A arewa lamarin ya shafi jihohi uku: Adamawa mai hedkwata a Ngaundere, Arewa mai hedkwata a Garwa, da Arewa Mai Nisa mai hedkwata a Marwa. Lambobin motocinsu suna farawa da AD, NO da EN.

Tarihin hanyar

Ba a gane dalilin dokar sai an san hanyar da aka yi ta dominta. A zamanin Jamusawa, da kuma na Faransawa bayansu, babbar ƙofar kayan arewa ita ce kogin Binuwai. Jiragen ruwa suna hawowa daga gaɓar tekun Najeriya har tashar Garwa, amma a 'yan watannin da ruwa ya cika kawai, wajejen Yuli zuwa Oktoba. Su sauke gishiri, siminti da man fetur, su ɗauki gyaɗa da auduga. Sauran shekara kuwa sai jakuna, 'yan dako da ayarin fatake, kuma Hausawa na cikin waɗanda suka daɗe a wannan fatauci, shi ya sa ake samun tsofaffin unguwannin Hausawa a Garwa, Ngaundere da Marwa.

Abin da ya juya akalar fatauci shi ne layin dogo. Ya isa Belabo a 1969, ya ƙarasa Ngaundere a 1974, kuma a nan ya tsaya har yau. Daga ranar, duk kayan da jirgin ƙasa ya kawo daga tashar ruwan Duwala sai an sauke shi a Ngaundere an loda wa manyan motoci. Cadi ba ta da teku, don haka kaso mai yawa na kayanta ta nan yake bi, tafiyar kimanin kilomita 1,800 daga Duwala zuwa Njamena. A shekarar 1974 ɗin nan ne kuma aka kafa kamfanin auduga na Sodecoton, mai hedkwata a Garwa, wanda motocinsa ke shiga ƙauyuka kwasar auduga kowace kaka. Ga kuma simintin Figil. Cikin 'yan shekaru babbar hanya mai lamba 1, wadda ta taso daga Yawunde ta bi Maiganga, Ngaundere, Garwa, Marwa da Mora ta nufi Kusiri, ta zama jijiyar yankin gaba ɗaya.

A kan wannan hanya akwai wurin da kowane direba ya sani. Ngaundere tana kan tudu, sama da mita 1,000 daga matakin teku, Garwa kuwa tana kwari, kimanin mita 200. Mafi yawan wannan bambanci ana sauke shi ne a gangaren da ke tsakanin Ngaundere da Mbe, wanda direbobi ke kira falez: kwana bisa kwana, dutse a gefe guda, rami a ɗayan. Tirela mai cikakken lodi idan ta kama gangaren nan, ran direba da na yaran mota da na duk wanda ke gabanta yana hannun Allah, sannan yana kan birki. Tsofaffin direbobi sukan tsaya a sama su zagaya motar, su saurari ko iska na zuba, su sauka da ƙaramin giya, ba gaggawa.

Can arewa kuma matsalar ta bambanta. Daga Mora zuwa Dabanga da Kusiri hanyar ta ratsa baƙar ƙasa mai laka, irin wadda ake kira karal, mai kumbura da damina ta tsattsage da rani. Kwalta ba ta daɗewa a kanta, kuma ramukan da take bari su ne ke kashe shokozoba, su karya sifirin, su kwance sitiyari. Gadar Ngeli a kan kogin Logon, wadda ta haɗa Kusiri da Njamena, an buɗe ta ne a wajejen tsakiyar shekarun 1980. Kafin nan da jirgin fito ake ƙetarar da motoci. Hanyar Ngaundere zuwa Tuboro da Mundu, da aka kammala a wajejen 2006, ta raba wa tsohuwar hanyar nauyi, sai kuma gadar Yagwa da Bongor da aka buɗe a 2025.

Dokoki

Tushen tsarin yanzu shi ne doka mai lamba 96/07 ta 8 ga Afrilu 1996, wadda aka yi domin kare hanyoyin ƙasa. Abin lura ne cewa binciken mota ya shigo ne a cikin dokar kare kwalta, tare da sikelin auna manyan motoci da shingayen damina da ake rufe hanyoyin ƙasa da su bayan an yi ruwa. A nan aka ƙayyade nauyi: tan 13 ga layin tayoyi guda, tan 21 ga layi biyu a haɗe, tan 27 ga uku, jimillar mota da kayanta kada ta wuce tan 50. Dokar 27 ga Afrilu 2022 ta maye gurbinta, ta kuma riƙe wajabcin binciken.

Sama da dokar ƙasa akwai kundin dokokin hanya na CEMAC, ƙungiyar tattalin arzikin ƙasashen tsakiyar Afirka, wanda aka amince da sabunta shi a watan Agusta 2001. Yana aiki a ƙasashe shida: Kamaru, Cadi, Afirka ta Tsakiya, Kwango Brazzaville, Gabon da Ikwatoriyal Gini.

A wajejen 2020 Ma'aikatar Sufuri, ƙarƙashin minista Jean Ernest Masséna Ngallé Bibéhè, ta sauya fasalin aikin. Aka haɗa na'urorin cibiyoyi da kwamfuta ta tsakiya, aka shigo da ɗaukar hoton motar a wurin gwaji, aka kuma fito da sitika mai hatimin tsaro da ake mannawa a gilashin gaba. Manufar ita ce a toshe ƙofar ba da takarda ga motar da ba ta zo ba.

Wa'adi da kuɗi

Wa'adin ya danganta da aikin motar. Mai ɗaukar fasinja don kuɗi, wato tasi, ƙaramar bas da babbar bas, da motar koyon tuƙi, duk wata 3. Motar kaya, daga a-kori-kura har tirela, duk wata 6. Motar gida sau ɗaya a shekara. Hikimar a fili take: motar da ta fi cin hanya, ta fi ɗaukar rayuka, ita ake yawan dubawa.

Gwamnati ce ke yanka farashi bisa rukuni, ba cibiya ba. Tasi ce ta fi sauƙi, manyan motoci suka fi tsada. A farashin da aka sanar a 2020, motar gida tana biyan sefa 17,900.

Neman cibiya

Yawancin cibiyoyin suna manyan birane, kuma ana samunsu a Ngaundere, Garwa da Marwa, galibi a bakin gari inda tirela za ta sami filin juyawa. Hanya mafi tabbas ta sanin wadda ke da izini ita ce tambaya a ofishin sufuri na jiha ko na gunduma, domin ma'aikatar takan dakatar da cibiya idan ta kama ta da laifi, kuma allon da ke ƙofa ba ya nuna hakan. Shugabannin tasha da na ƙungiyoyin direbobi su ma sun san inda layi ya fi sauƙi. Takardar tana aiki a faɗin ƙasa, don haka direban da ke jigila tsakanin Marwa da Ngaundere yana iya yin bizit ɗinsa a Garwa in nan wa'adin ya riske shi.

Nisa ne babban nauyin mutanen karkara. Tsakanin Ngaundere da Garwa kusan kilomita 280 ne, Garwa da Marwa kimanin 200, Marwa da Kusiri kimanin 260. Mai ƙaramar bas a garin da ba cibiya, sau huɗu a shekara zai bar aikin yini ya ƙona mai. Masu dabara sukan haɗa ranar gwaji da ranar da suke da lodi zuwa birni.

Ana zuwa da motar kanta, da katin mallaka wanda ake kira kat giriz. Direba mai hankali yakan riƙe takardar inshora da lasisinsa a hannu, tunda jandarmomi za su tambaye su a hanya ko da cibiya ba ta tambaya ba. A ƙofa akan tarar da 'yan kamasho suna tayin su shigar wa mutum da takardu. Ba dole ba ne a bi ta hannunsu. Kuɗin a kantar cibiyar ake biya, a karɓi rasit.

Abin da ake dubawa

Da farko ana gwada lambar jikin mota da wadda ke kan kat giriz. Wannan yakan tsayar da motocin da aka sauya musu jiki ko aka haɗa su daga motoci biyu. Daga nan motar ta shiga layi. Tayar gaba za ta taka wani faifan ƙarfe da ke nuna ko tana ja gefe. Wani faifan kuma ya jijjiga kowace taya domin a ga ƙarfin shokozoba.

Sai gwajin birki, wanda shi ne zuciyar aikin. Ana saukar da tayoyin layi guda a tsakanin gungumen ƙarfe masu juyawa, su riƙa juya tayar kamar tana tafiya. Ma'aikaci ya ce a taka birki a hankali, a ƙara, a danne. A allon kwamfuta lambobi biyu suna hawa, ɗaya na dama ɗaya na hagu. Abu biyu ake nema: jimillar ƙarfin birkin idan aka gwada da nauyin motar, da kuma bambancin da ke tsakanin ɓangarorin biyu. Motar da dama ke kamawa hagu na sakaci, a kan shimfiɗaɗɗiyar hanya direba ba zai ji komai ba sai ɗan ja, amma a kwanar gangare ita ce ke juyewa. Haka ake bi layi bayan layi, sannan birkin hannu.

A manyan motoci masu birkin iska akwai wata dabara da aka sani a garejoji: idan tukunyar birkin wata taya ta fara zubar da iska a tsakiyar daji, sai a toshe bututun da ke kai mata, a ci gaba da tafiya. A matsayin maganin ƙarasawa gari ana iya fahimtarta. Illar ita ce a manta da ita, motar ta yi watanni tana ɗaukar tan 50 da birkin da ya ragu. Ido ba ya gane wannan daga waje, amma a kan na'ura lambar tayar ba ta motsawa ko kaɗan. Ko don wannan kaɗai, gwajin ya cancanci wahalarsa.

Bayan birki ana auna saitin fitilun gaba, a duba sigina, fitilar birki, oda, madubai da abin share gilashi. Ana sa bututu a salansa a auna hayaƙi, na'urar dizal daban, ta fetur daban. Motocin da suka saba shan man bakin hanya, wanda ake kira zuwa-zuwa, sukan sha wahala a nan idan man gauraye ne. Daga ƙarshe ma'aikaci ya sauka rami da tocila, ya duba ƙarƙashin motar: inda mai ke ɗiga, inda ƙarfe ya tsage aka yi masa walda, inda mahaɗin sitiyari ke wasa. Ana kuma neman tayar safaya, tukunyar kashe gobara, akwatin agajin gaggawa da alamar nan mai kusurwa uku da ake ajiyewa a bayan motar da ta lalace.

Tayoyi da zafi

Daga Maris zuwa Mayu zafin Garwa, Marwa da Kusiri yakan haura digiri 40, kwalta kuma ta fi haka nesa. Yawancin tayoyin da talaka ke iya saya na hannu ne, an riga an more su a wata ƙasa. Zanen taya yana iya zama da sauransa alhali robar ta bushe. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu da ke nuna makon da shekarar da aka ƙera ta: 2319 na nufin mako na 23 a shekarar 2019. Ma'aikacin kirki yakan duƙa ya karanta, ya shafa gefen tayar ya nemi tsaga ko kumburi.

Idan mota ta faɗi

Ana ba direba takardar sakamako mai jerin abubuwan da aka gani. Ƙananan aibobi ana rubuta su a ba da sitika. Manya, irin na birki, sitiyari ko taya, sai an gyara an dawo cikin wa'adin da aka rubuta a takardar. Wanda ya bari wa'adin ya wuce zai sake biya daga farko.

Ƙetare iyaka

Motar kaya mai zuwa Cadi tana buƙatar bizit mai rai, da katin inshorar CEMAC mai ruwan hoda, da takardun lodi daga hukumar rabon kaya ta BGFT a Kamaru ko takwararta BNFT a Cadi. Yarjejeniyar ƙasashen biyu ta 1999 ta ba motocin Cadi kashi 65 na kayan da ke wucewa, na Kamaru kashi 35. Najeriya ba ta cikin CEMAC, tsarinta daban ne.

Ƙorafe-ƙorafe

Hukuma tana zargin wasu cibiyoyi da sayar da takarda ba tare da gwaji ba. Masu cibiyoyi suna kukan tsadar na'urori da ɗaukewar wuta. Direbobi kuma suna cewa motar da ta ci gwaji yau, ramukan hanyar Mora za su lalata ta kafin mako ya zagayo, kuma yawan shingaye ya sa an fi damuwa da sitika a kan lafiyar motar.

Babura

Babur shi ne abin hawan mafi yawan jama'a a biranen arewa, kuma shi ne tasin Marwa da Garwa, amma layukan gwajin cibiyoyi don motoci aka gina su.