Laimar iska ba ta rage wa ƙwallon golf tafiya

Da zarar ruwan farko ya sauka a Jos cikin Afrilu, masu buga golf don nishaɗi a filin Rayfield, wanda aka kafa tun 1913, sukan fara ƙorafin cewa iska ta yi nauyi, shi ya sa ƙwallo ba ta kai inda take kaiwa da rani. Maganar ta daɗe a bakin mutane, amma ba haka abin yake ba.

Iska mai laima ta fi busasshiya sauƙi. Nauyin ƙwayar tururin ruwa 18 ne a ma'aunin masana kimiyya, na busasshiyar iska kuwa kusan 29. Idan tururi ya shiga iska, yana maye gurbin abin da ya fi shi nauyi, sai ƙwallo ta ratsa da ɗan sauƙi. Bambancin ƙanƙani ne, amma ba ragi ba ne.

Abin da ke cinye tafiyar yana ƙasa. Lokacin hunturu fili ya bushe ƙamas, ƙwallo ta faɗi ta yi ta gangarawa. Da ruwa ya jiƙa ƙasa, inda ta faɗi nan take tsayawa, wani lokaci har da laka a jikinta. Ga kuma sanyin safiyar Jos, wanda shi ne ke ƙara wa iska nauyi da gaske, ya kuma sandarar da jiki.

Yana damuna ganin sabon ɗan wasa yana ƙara ƙarfin bugu har ya ji wa bayansa ciwo. Gara ya ɗauki sanda mai kai nesa, ya riƙa goge fuskarta kafin kowane bugu.