Kare Mai Yi Wa Makaho Jagora, a Tsakar Gida Ake Fara Rainonsa

Ranar da muka je yi wa karnuka allurar rigakafi a wani ƙauye da ke yankin Ringim, muna zaune a gindin tsamiyar ƙofar gidan mai unguwa, akwatin sanyi na gabana, sai ga wani dattijo makaho, jikansa na riƙe da bakin sandarsa. Yaron bai wuce shekara takwas ba, kuma hantsi ne na ranar Talata, tsararrakinsa duk suna aji. Bayan mun gaisa, dattijon ya lalubi gefen tabarma ya zauna, ya ce, "Likita, wata magana na ji a rediyo ta tsaya mini a rai. Wai a ƙasar Turawa kare ne ke yi wa irinmu jagora, har ya tsallakar da mutum titi. Gaskiya ce?"

Na ce, "Gaskiya ce, Baba."

Ya jinjina kai ya ce, "Ikon Allah. Ni tun da na rasa idona ban san kare da komai ba sai haushi da yagar riga."

Yana wannan magana, samari uku na kokawa da wani jan kare a gabanmu, ɗaya ya danne wuya, ɗaya ya riƙe ƙafafu, na uku na neman tsumman da zai ɗaure masa baki, duk don allura ɗaya. Amsar da na fara ba dattijon nan ita nake so in ƙarasa a nan, domin ta shafi kowane gida da ke da kwikwiyo.

Abin ya samo asali ne a Jamus. A 1916, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, aka buɗe makarantar horar da karnuka a garin Oldenburg saboda sojojin da suka dawo daga fagen fama ba idanu. A Amurka, wani saurayi makaho mai suna Morris Frank ya tafi har Suwizalan ya karɓo karya mai horo daga hannun wata mata, Dorothy Eustis, suka kafa makarantar The Seeing Eye a 1929. Ingila ta samu karnukanta huɗu na farko a 1931, Afirka ta Kudu kuma ta kafa ƙungiyarta a 1953.

Aikin karen shi ne a sa masa ɗamara mai mariƙi, makaho ya riƙe, su tafi tare. Idan sun zo bakin kwalbati ya tsaya cak, idan akwai rami ya kewaye, idan reshe ya sauko daidai goshin mutum ya kauce masa, ko da shi kansa zai iya wucewa ta ƙasa. Kare bai san hanya ba, kuma bai karanta fitilar danja. Makahon ne ya san inda za shi, shi ke sauraren motoci ya ce a tafi. Amma in ya ba da umarni alhali mota na tafe, karen zai ƙi motsi. Wannan ƙin umarni don tsare ran ubangidansa shi ne ƙololuwar horon, kuma ƙwararru ne ke koyar da shi a makaranta, cikin 'yan watanni.

Abin da mutane ba su cika sani ba shi ne ba a makarantar ake fara aikin ba. Kwikwiyon na da mako bakwai zuwa takwas ake miƙa shi ga wani gida na talakawan gari, masu aikin sa-kai, ya zauna da su sama da shekara guda. A wannan gida ba a koya masa jagora ko kaɗan. Ana koya masa ya san sunansa, ya zauna in an ce ya zauna, ya yi bahaya a inda aka nuna masa, kada ya yi tsalle a jikin baƙo, kada ya warci abinci, ya yi tafiya a gefen mutum ba tare da fizgar igiya ba, ya kwanta shiru a cikin taro. Ana yawo da shi kasuwa da tasha, ana shiga mota da shi, har duniya ta daina ba shi tsoro. Wanda ya tashi da firgita, ko wanda hankalinsa ke tafiya ga kowace kaza da ta gifta, cire shi ake yi daga tsarin komai kyawun asalinsa. Galibi jinsin Labrador ake amfani da shi, da Golden Retriever, da karen nan na Jamus da muke gani a hannun 'yan sanda, amma asali shi kaɗai bai taɓa isa ba.

Dalili kuwa shi ne akwai wani ɗan lokaci a rayuwar kwikwiyo, daga mako uku zuwa wajen mako goma sha biyu ko sha huɗu, da duk abin da ya gani cikin kwanciyar hankali yake ɗaukarsa a matsayin abin da aka saba. Bayan wannan lokaci, sabon abu tsoro yake ba shi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma ɗanyantakar kare gajeriya ce ƙwarai.

To mu me muke yi a waɗannan makonni? Yara su je su ɗauke shi daga jikin uwarsa idonsa bai daɗe da buɗewa ba. A ɗaura masa waya a wuya, a turke shi a bayan rumbu cikin rana. Mai wucewa ya jefe shi, yara su tsokane shi da kara suna dariya. Wasu har barkono suke zuba masa a abinci wai don ya yi zafi. Na sha yanke waya daga wuyan kare bayan ta nutse cikin nama, saboda an ɗaura ta yana ƙarami, ya girma ba wanda ya duba. Karen da ya tashi haka matsoraci ne, kuma matsoracin kare shi ke cizo ba gargaɗi. Ba ɓarawo yake fara cizo ba, yaron maƙwabta ne, ko almajiri, ko makaho mai sanda, domin a saninsa sanda abin duka ce.

Duk abin da waɗancan gidaje ke yi wa kwikwiyon jagora, babu wanda ya fi ƙarfinmu. A bar shi wurin uwarsa har ya cika mako takwas, domin a can yake koyon sassauta haƙori idan yana wasa da 'yan'uwansa. In ya zo gida, a sa masa gajeren suna, kowa ya kira shi da shi. A riƙa ɗaukarsa a hannu ana nuna masa gari: ya ji ƙarar injin niƙa daga nesa, ya ga babur da amalanken shanu, ya ga jaki da awaki da kaji, ya ji lasifika da kiɗan biki, ya ga mai rawani da mai lulluɓi da tsoho mai dogara sanda. In ya noƙe jiki, a ja baya da shi, gobe a sake daga nesa. Kada a tura shi da ƙarfi. Sai dai a kiyaye, kafin ya gama allurarsa kada a sauke shi cikin karnukan bola, domin a nan yake ɗauko cutar gudawa mai jini da ke kashe ƙananan karnuka cikin kwanaki.

Horon kansa da lada ake yin sa. Ka riƙe ɗan gutsuren ƙuli-ƙuli ko busasshen kifi a saman hancinsa, ka ɗaga hannu a hankali zuwa bayan kansa. Da kansa zai sauke gindi ƙasa. Yana zama ka ce "zauna", ka ba shi nan take, domin in ka jinkirta bai san abin da aka biya shi a kai ba. Minti biyar ya isa, sau biyu ko uku a yini. In ya kama maka hannu da haƙori cikin wasa, ka janye ka bar shi, ka ba shi abin da zai gwagwiya. Da ya tashi daga barci, ko ya gama cin abinci, a kai shi wuri ɗaya a bayan gida, nesa da rijiya da wurin wasan yara, a kuma binne abin da ya yi, saboda ƙwan tsutsar cikinsa na shiga cikin yara masu wasa da ƙasa. Igiyar wuya ta zama ta ƙyalle ko fata, yatsu biyu su iya shiga ƙarƙashinta, a duba ta duk mako. Sannan a saba masa da taɓa kunne da buɗe baki da ɗaga ƙafa. Karen da ya saba da wannan, yaro ɗaya ke riƙe mini shi in yi masa allura.

Tuwo zalla ba ya gina kwikwiyo. A haɗa masa da kifi, ko dafaffen ƙwai, ko dafaffen wake, ruwa kuma kada ya yanke a kaskonsa. Albasa da tafarnuwa da goro suna cutar da kare, haka ƙashin kaza da aka dafa. Maganin tsutsa ana fara shi tun yana mako biyu, a maimaita duk bayan mako biyu har ya kai wata uku. Kuma don Allah a daina wanke kare da fiya-fiya ko maganin feshin gona saboda kaska. Na ga waɗanda suka mutu a hannun masu su ta wannan hanya.

Allurar da ba na yi wa kowa sassauci a kanta ita ce ta haukan kare. Ana yin ta yana wata uku, a sabunta duk shekara, a ajiye katin. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom a Jihar Filato na sarrafa ta, kuma sai an adana ta cikin sanyi take aiki, saboda haka a karɓa daga hannun ma'aikacin dabbobi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar na kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, kusan dukkansu a Afirka da Asiya, kuma wajen huɗu cikin goma na waɗanda ake cizo yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Na taɓa zuwa ta'aziyyar wata yarinya da kwikwiyon gidansu ya yaƙusa a yatsa. Ciwon bai kai a ɗaure ba, aka shafa toka aka manta. Bayan kusan wata biyu ta fara firgita da ganin ruwa. Idan alamu suka bayyana, magani ya ƙare. Duk wanda kare ya ciza ko ya yaƙusa, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na tsawon minti 15, a tafi asibiti a ranar don allura. Karen kuma a killace shi kwana goma ana lura da shi, a sanar da mu.

Na san abin da ke zuciyar wasu, wato maganar tsarki. Hukunci na malamai ne, a tambaye su. Abin da muka taso muna ji a zaurukan karatu shi ne an halatta kare don farauta da kiwo da tsaron gona, aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta ambaci abin da horarrun dabbobin farauta suka kamo, kuma a mazhabar Malikiyya jikin kare mai rai ba najasa ba ne, ko da yake ana wanke ƙwaryar da ya sa baki a ciki sau bakwai. Mun kuma san hadisin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishi. Ba sai ya shiga ɗaki ba. A yi masa 'yar rumfa mai inuwa, da kaskonsa daban.

Gargaɗi ɗaya nake yi da babbar murya: kada wani ya karanta wannan ya ɗaura wa karen gida igiya ya miƙa wa makaho. Rainon gida rabin aiki ne, sauran rabin na ƙwararru ne, kuma kuskure a bakin titi rai yake ci. Abin da ke hannunmu yau shi ne farar sanda da koyon amfani da ita, da kai yara makafi makaranta irin ta Tudun Maliki a Kano, da kai tsofaffi a duba musu ido, domin yanar ido aiki ake yi mutum ya koma gani. Kowane ɗayan waɗannan na iya sakin hannun ɗan jagora ya koma aji.

Na faɗa wa dattijon haka, ya ce rabonsa da asibitin ido tun kafin a haifi yaron. Muka yi da mai unguwa za a kai shi. Muna cikin haɗa kaya sai jikan ya ruga gida, ya dawo da wani baƙin kwikwiyo a cikin rigarsa, wanda bai fi mako bakwai ba. Na ce masa allurar hauka sai ya ƙara girma, na ɗura masa maganin tsutsa, na rubuta ranar da za a kawo shi a bayan kati. Sannan na ce, "Baba, miƙo hannunka." Na ɗora masa shi a cinya. Ya shafa kansa, ya lalubi kunnuwan, kwikwiyon na sansanar sandar da ke jingine a kafaɗarsa. Na ce wa yaron kullum da yamma ya riƙa kawo shi wurin kakansa, sandar na kusa, da ɗan ƙuli-ƙuli a aljihu.